Melbourne ba ta da mai masauki

Ƙannena masu shirin tahowa Ostireliya karatu ko aiki, musamman waɗanda takardarsu ta nuna Melbourne, ku ba ni aron kunnuwanku.

Mu a gida baƙo yana da mai masauki. Ka sauka Kano ba ka san kowa ba, kafin la'asar wani ya ɗauki nauyinka, ya nuna maka wurin kwana da mai abinci da masallaci. Da wannan tunanin na iso, na zauna jiran wanda zai kama hannuna. Mutanen nan ba su da mugun hali. Ka tambayi hanya, sai mutum ya tsaya ya buɗe wayarsa ya yi ta nuna maka har ka gane, amma yana wucewa shi ke nan. Hidimar da mai masauki yake yi maka a gida, a nan takarda ce take yin ta, kuma takarda ba ta zuwa nemanka. Yawancin asarar da na tafka daga nan ta samo asali.

Mu fara da haya, don nan na fi jin jiki. Kuɗin haya a kan mako ake tallata shi, amma sau da yawa wata-wata ake biya. Na ga ɗaki, a ce dalar Ostireliya 250 a mako, na ninka sau huɗu na ce dala 1,000. Ashe makonni 52 ake ninkawa a raba gida 12, ya tashi dala 1,083. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne takardar yanayin gida da ake ba ka ranar karɓar makulli, wadda aka jera kowane ɗaki da halin da yake ciki. Dillaliyar ta miƙo mini tana fara'a, sai kunya ta kama ni, na ga kamar in na tsaya dube-dube na nuna ban yarda da ita ba ke nan. Na sa hannu na mayar. Alhali akwai ƙunar dutsen guga a kafet bayan ƙofa, ga fumfuna baƙi ƙirin a kusurwar banɗaki, ga labulen taga da ya tsinke. Ranar tashina duk a kaina aka lissafa su, aka cire daga kuɗin ajiyar da na biya jingina lokacin kama gidan, ba ni da bakin magana tunda ga sa hannuna. Ku bi gidan lungu-lungu, ku ɗauki hoton kowane tabo, ku rubuta a takardar kafin wa'adinta ya cika. Ba wanda zai ce kun yi rashin kunya, abin da suke tsammani ke nan. Kuɗin ajiyar kuma a jihar Victoria, inda Melbourne take, ba a hannun mai gida yake zama ba, akwai hukumar da ke riƙe shi mai suna RTBA, ita za ta aiko muku da shaida. In wani ɗalibi ne ya sa ku a ɗakinsa ya ce ku ba shi a hannu, ko ɗan garinku ne, a rubuta.

Sai sanyi. A Fabrairu na sauka, lokacin da zafi kan kai maki 40 wata rana, na ce ashe gida na zo. Akwatina cike da shadda da yadi. Yuni na kamawa sai gari ya juye, don damina da rani a nan a kife suke: Yuni zuwa Agusta ne hunturu. Ba ƙanƙara ke zuba ba, iska ce mai ratsa ƙashi da yayyafi, kuma tsofaffin gidajen haya da yawa ba a gina su don riƙe ɗumi ba. Na kunna na'urar ɗumama ɗaki dare da rana, da takardar kuɗin wuta ta zo sai da na nemi wuri na zauna. Shagunan gwanjo irin su Salvos da Vinnies suna da riguna masu kauri da barguna da araha, ku saya tun a Afrilu. Kasalar da na yi ta fama da ita ina cewa kewar gida ce, da likita ya auna jinina sai ya ce sinadarin bitamin D ne ya yi ƙasa, abin da kan sami masu baƙar fata a hunturun nan.

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne alƙibla. Na shimfiɗa darduma na kalli inda rana ke fitowa, kamar yadda na tashi na ga ana yi. Sai da wani ɗan Indunusiya ya zo ɗakina muka tashi yin jam'i, ya dube ni ya juya dardumar. Daga Melbourne Makka tana yamma, da ɗan karkata arewa. Ba kuma za ku ji ladan ba, kuma lokutan suna tafiya sosai: magariba wajen ƙarfe 5 a Yuni, kusan ƙarfe 9 saura a Disamba. Ku sa manhajar sallah a waya, ku nemi Juma'a tun makon farko, ko a masallacin Preston ko ɗakin sallar makarantarku. A sahun Juma'a na samo mai aski da labarin aikina na biyu.

Na farkon kuwa wanke-wanke ne a wani gidan abinci, ana biyana a hannu, ina ta godiya don da naira nake lissafi. Daga baya na gano bai kai mafi ƙarancin albashi ba, wanda a Yulin 2025 ya zama dala 24.95 a awa, ma'aikacin wucin gadi ma akwai ƙarin kashi 25 cikin 100 a kai. Ba takardar albashi, ba kuɗin fansho. Ku nemi lambar haraji, TFN, da zarar kun sauka, kyauta ce a intanet. In ba ku ba mai aiki ita ba, kashi 47 cikin 100 za a riƙa yankewa. Mai bizar ɗalibi awa 48 aka yarje masa a mako biyu lokacin karatu, kada kwaɗayi ya ja muku soke biza. Wanda aka danne wa haƙƙi kuma akwai ofishin kare haƙƙin ma'aikata na Fair Work Ombudsman, kuma baƙo ma yana da damar kai ƙara.

Kilishin da Hajiya za ta ƙunsa muku, ku cinye shi kafin ku sauka. Kuka da daddawa da yaji, duk ku rubuta a katin da ake rabawa cikin jirgi. In kun bayyana, iyaka a ƙwace. In kun ɓoye, tara ce mai zafi. Naman halal yana nan birjik a titin Sydney Road ta Brunswick da Coburg, kuɓewa da gyaɗa da attarugu kuwa ku leƙa Footscray.

Amma duk waɗannan kuɗi suka ci. Abin da ya ci mini lokaci shi ne agogon Kano da na ƙi saukewa. Melbourne tana gaba da Najeriya da awa 9, daga Oktoba zuwa Afrilu awa 10. Ƙarfe 2 na dare a nan, can ana la'asar, hira ta yi daɗi a WhatsApp. Sai in raba dare ina bin rigimar siyasar gida da bikin wane da wance, gari ya waye ina gyangyaɗi a aji. Na san farashin buhun shinkafa a kasuwar Singa, ban san sunan maƙwabcina ba.

Gayyata kuma na yi ta watsar da ita saboda kara. Wani abokin karatu ya ce in zo gashin nama a lambun unguwa ranar Asabar, na ce a'a kada in ɗora masa nauyi, ina jiran ya nace. Bai nace ba. Su a'a ɗinka a'a ce, ba sa maimaitawa, kuma ba sa faɗo maka gida ba sanarwa, sai an sa rana tun da mako biyu. Ku amsa tun a karon farko, ku faɗa kai tsaye ba ku shan giya ba ku cin alade, ku riƙo namanku. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai a kan haka ba.

Ku kuma zaɓi ƙungiya a gasar AFL, wato ƙwallonsu irin ta Ostireliya, ko ba ku gane dokokinta ba, don daga Maris zuwa Satumba ita ce gaisuwar garin, daga direban tiram (jirgin dogo na cikin gari) har malamin jami'a. Ni Richmond na ɗauka, saboda Bachar Houli, Musulmin da ya ci kofi da su a 2017 da 2019 da 2020. Wayar gida kuwa na mayar da ita safiya kafin in fita, lokacin da su Hajiya sun idar da isha sun ci tuwo, sai ranar Lahadi mu yi doguwa.