Kwana uku a hanyar ƙura, da abin da injina ya shaƙa

Saura sati biyu mu tashi na kwance akwatin iskar da a-kori-kurata ta zo da shi daga kamfani, na ɗaura mata buɗaɗɗiyar filta mai siffar mazurari a bakin wani bututun alminiyam mai ƙyalli. Irin ta auduga ce da ake shafa wa mai, wadda ake wankewa a mayar. Wanda ya sayar mini ya ce inji zai samu numfashi, ƙarfi zai ƙaru, kuma na huta da sayen filta. Maganarsa ta shige ni, domin inji da iska yake rayuwa, kuma a ganina duk abin da ya buɗe masa hanya alheri ne.

Yayana bai ce uffan ba ranar da ya gani. Sai da muke lodi, bututan ruwa da famfo da farantan sola da za mu kai wata gona mai nisa, na ga ya ɗauko tsohon akwatin da sabuwar filtar takarda a kwalinta, ya cusa su bayan kujera.

Na ce, "Yaya, wannan kuma na mene ne? Wuri kawai zai ci mana."

Ya ce, "Bar shi dai. Ba ya cin mai."

Ranar farko kwalta ce zalla, kuma gaskiya na ji daɗin motar. Da na taka totur sai in ji turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana feɗuwa, inji yana gurnani mai kauri, har ina ji kamar an ƙara mata dawaki. Da hantsi muka shiga cunkoso a wani gari, muka shafe kusan awa muna jan ciki a bayan manyan motoci. Da hanya ta buɗe na taka, sai na ji motar ta yi nauyi, ta ɗauki lokaci kafin ta ware. Muka tsaya shan mai, Yaya ya ɗaga bonet ya ce in taɓa bututun. Ban iya barin hannuna a kai ba. Filtar tana zaune tsirara a cikin ɗakin inji, bayan lagireto, iskar da ta riga ta gasu ita take zuƙa. Tsohon akwatin kuwa ta cikin kuncin mota yake jan iska, daga waje. Iska in ta yi zafi faɗaɗa take yi, iskar oksijin da ke cikin kowace lita ta ragu: duk ƙarin digiri 3 yana rage kaurinta da kusan kashi 1 cikin 100. In ɗakin inji ya fi waje zafi da digiri 30, an yi asarar kusan kashi 10 tun daga bakin ƙofa. Na'urar sanyaya iskar da ke bayan turbo tana dawo da wani abu, amma me ya sa za a ɗora mata aikin da ba dole ba? Na shiga mota ina tunani, amma ban sauka daga ra'ayina ba tukuna.

Washegari da safe kwalta ta ƙare, muka hau burji. Wanda bai taɓa bin irin wannan hanya da rani ba zai yi wuya ya gane ƙurar da nake nufi. Ja ce, laushinta kamar hoda, ba ta kwanciya da wuri. Tirela in ta wuce sai ta bar gajimare mai tsawon rabin kilomita, ka kunna fitila da rana tsaka kana laluben gefen hanya. Gilasai a rufe, amma kafin azahar sai da na iya rubuta sunana a kan dashbod da yatsa. Gargada kuma ta dinga girgiza mu har haƙora suna haɗuwa. Mun yi awa goma a haka, kusan rabinsu a bayan wasu motocin katako uku da suka ƙi ba mu hanya.

A cikin wannan tafiya ne na yi wani lissafi a kaina wanda ya hana ni sakewa. Injina na dizal ne, lita 3. Kowace silinda tana shaƙa sau ɗaya a juyi biyu, don haka a juyi 2,000 a minti yana zuƙar lita 3,000 na iska kowane minti, tun kafin turbo ya ƙara tura masa. A awa goma lita miliyan 1.8 ke nan, ko fiye. Duk wannan iskar da nake gani ja wur a gaban gilashi, ita ce ke bi ta cikin 'yar audugar nan.

Gab da magariba muka sauka a wani zango inda direbobin manyan motoci ke kwana. Akwai wani dattijo bakanike a wurin, rumfarsa ta kwano ce, sifanoninsa a jere a kan buhu. Ya zo wucewa ya ga bonet a ɗage, ya tsaya, ya daɗe yana kallon filtar.

Ya ce, "Samari, da wannan kuka biyo hanyar nan?"

Na ce, "Da ita, Baba."

Ya karɓi sukundireba a hannun Yaya, ya sassauta kilif ɗin da ke riƙe da filtar, ya zare ta. Sai ya ce in zura yatsa cikin bututun, ta ɓangaren da ya kamata a ce iska ta riga ta tsarkaka. Na zura, na shafo, na fito da shi ƙarƙashin tocila. Kan yatsana ya yi ja. Da na murza shi da babban yatsa na ji ɗan kaushi-kaushi, kamar garin bulo. Gabana ya faɗi, domin na san daga nan ba wani shinge kuma, sai turbo, sai silinda.

Dattijon ya zauna a kan taya ya yi mana bayani a natse. Ya ce yawancin ƙurar hanya garin dutse ne da yashi, kuma yashi da ƙarfe in sun haɗu ƙarfe ne ke ciwo. Fukafukan turbo suna juyi fiye da sau 100,000 a minti, ƙwayar da ba ka iya gani da ido ita ce ke cin bakinsu sannu a hankali. Wadda ta wuce ta shiga silinda ta gauraya da baƙin mai, ta zama kamar sanfefa tsakanin ringi da bango. Ba ranar za ka gani ba. Wata da watanni ne za su wuce, sai inji ya fara shan baƙin mai, ya fara hayaƙi, ya ƙi tashi da sanyin safiya. Ya nuna mana bakin filtar inda ya haɗu da bututu: gargada ta sassauta shi, ga wata 'yar siririyar hanya da ƙura ta bi ta gefe. Ya kuma zare sensar da ke auna iska, wata 'yar waya mai laushi a cikin roba, ya nuna mana yadda ta fara dafewa. Ya ce in an cika wa irin wannan filta mai, iska na kwasarsa ta shafa wa sensar, ƙura ta manne, kwamfutar mota ta fara karanta ƙarya.

Bai kushe filtar gaba ɗaya ba, kuma wannan ya sa na ƙara yarda da shi. Ya ce ga motar da ba ta barin kwalta, in an killace filtar a akwatin da ke jan iskar waje, kuma mai ita ya iya wanki da shafa mai daidai gwargwado, tana aikinta. "Amma kai ba can kake ba, ɗana. Nan kake."

Yaya ya tashi ya buɗe ƙofar baya ya ɗauko akwatin. A daren nan, da tocila a baki, muka mayar da komai yadda yake. Muka goge cikin bututu da tsumma mai tsabta har sai da ya daina ba da launi, dattijon ya wanke sensar da wani feshi na musamman, ya hana mu taɓa wayar da hannu. Ya shafa yatsa a kan robar bakin filtar takarda ya tabbatar ta zauna daram kafin ya rufe murfi. Na tambaye shi ko in dinga fitar da ita ina busawa da iskar kwamfuresa kowace yamma. Ya girgiza kai. Ya ce filtar takarda in ta ɗan ɗauki ƙura tacewarta ƙaruwa take yi, domin ƙurar farko tana toshe manyan kafofi. Iska mai ƙarfi kuma na iya yaga takardar inda ido ba ya gani, sannan duk buɗewar da ka yi wa akwatin dama ce ga datti ya faɗa ciki. In ta toshe a canza ta kawai.

Rana ta uku ƙasa ta canza. Muka fara hawa, iska ta yi sanyi, muka ga alamar an yi ruwa a kan tuddai. Wajen ƙarfe goma muka iso wani rafi da gadarsa ta karye, motoci suna bi ta mashigi. Ruwan ya taso da dare. A bakin gaɓa akwai wata a-kori-kura da aka janyo da igiya, mai ita yana zaune a ƙasa ya dafe kai. Ya shiga da gudu, ruwa ya tasar masa har saman bamba, inji ya zuƙa, ya tsaya cak a tsakiya. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. A injin dizal fistin yana matse abin da ke silinda ya mayar da shi kamar kashi ɗaya cikin 16 na girmansa, wurin da ya rage a sama ɗan kaɗan ne, ko rabin kofi na ruwa ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. Mutumin ya ƙara da murza makulli sau biyu a cikin ruwan. Na tausaya masa ƙwarai, kuma na kasa daina tuna inda filtata take zaune shekaranjiya, a buɗe, ba abin da ya kare ta daga fantsama.

Muna nan tsaye wata mota ta zo mai dogon bututu baƙi da ya fito ta kunci ya bi jikin gilashin gaba har rufi. Sinokel ake ce masa, Yaya kuwa dogon hanci yake kiransa. Direban ya sauko, ya naɗe wando, ya taka ruwan da sanda har tsallake ya dawo, sannan ya sa giyar ƙarfi ya shiga a hankali, bai ƙara wuta ba bai rage ba, ya fita lafiya. Da ya tsaya duba burki na haye da ƙafa na same shi. A kan bututun nasa akwai wani kwano mai haske kamar murfin tukunya, ƙasansa cike da jar ƙasa. Ya kwance shi ya zazzage a gabana, ta kai cikin tafin hannu biyu, ta kwana ɗaya kacal. Iska tana shiga ta wasu fukafukai da ke sa ta juyawa kamar guguwa, ƙura mai nauyi ta watsu gefe ta faɗa kwano, filta ta samu sauƙi. Ya ce shi ba don ruwa ya sa ba tun farko, don ƙura ne: a saman rufi iska ta fi ta wajen taya tsabta da sanyi. Ya kuma gargaɗe ni kada in ɗauka dogon hanci ya mayar da mota jirgin ruwa. Wayoyin lantarki suna nan a ƙasa, haka kafofin numfashin giyabos da aksil, kuma in mahaɗa ɗaya ta bututun ba ta like ba, duk aikin banza ne.

Mu dai jira muka yi. Awa huɗu muna kallon wani dutse a tsakiyar rafin, sai da ruwa ya sauka ƙasa da cibiyar taya muka haye. Muka isa gonar da la'asar, muka sauke kaya.

A hanyar dawowa, da tsohon akwati da filtar takarda, na lura da abin da ban so in yarda da shi ba da farko: ƙarfin motar bai ragu da komai ba. Ƙarar ce kawai ta tafi. Akwatin kamfani an yi shi ne ya wadatar da injin da ba a taɓa ba, kuma a mota mai turbo kwamfuta ce ke ƙayyade yawan iskar da ake turawa da man da ake fesawa, don haka faɗaɗa baki shi kaɗai ba ya haifar da wani abin a-zo-a-gani. Kunnena ne ya ji ƙarfi a ranar farko.

Da na dawo na zauna na yi karatu kafin in sake kashe ko sisi. Na tarar matsalar ta girme ni nesa ba kusa ba. A 1915 wani mai sayar da taraktoci a Amurka, Frank Donaldson, ya ga ƙura tana kashe taraktar wani manomi a jihar Utah, ya haɗa mata matatar iska da hannunsa, kuma daga nan aka kafa kamfanin da har yau yake ƙera matatun manyan injuna da sunansa. Na kuma gano akwai ma'aunin gwaji na duniya, ISO 5011, da ake auna filta da shi: yawan ƙurar da take tarewa, yawan wadda take iya ɗauka kafin ta toshe, da yadda take takura iska. Masu talla sun fi son faɗar na ukun. Ni yanzu na farkon nake tambaya, domin filtar da ke tare kashi 99 cikin 100 tana barin ninki goma na ƙurar da mai tare kashi 99.9 ke bari, ko da yake a takarda kamar ba su da bambanci.

Abin da na zaɓa a ƙarshe shi ne akwatin asali, busasshiyar filta mai kyau, dogon hanci wanda aka ƙera don irin motata, da kwanon guguwa a kansa. Na ƙara da wani ɗan ma'auni da ake ɗaurawa a bayan filta, mai nuna ja in ta toshe, don in daina buɗe akwati ba dalili. Ranar ɗaurawa sai da na kau da kai lokacin da bakanike ya kafa injin huji a kuncin motar. Ya shafe bakin ramin da fenti saboda tsatsa, ya like kowace mahaɗa, ni kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Na sa ya canza baƙin mai da filtarsa duk da lokacinsu bai yi ba, ya kuma leƙa fukafukan turbo da tocila. Ya ce bakinsu ya ɗan dushe kaɗan, amma ba su gutsure ba.

Bayan wata biyu muka koma kai ragowar kayan. A zangon nan na tarar da dattijon a rumfarsa, na gaishe shi, na miƙa masa sukundireba. Ya sassauta kilif, ya zura yatsa cikin bututu, ya ɗaga shi ga haske, ya juya shi gaba da baya. Sai ya mayar da kilif ɗin ya ɗaure, ya ce in je in zazzage kwanon kafin duhu ya yi.