Dutsen da muka bari a bakin rami

Shekara uku na yi ina kula da kwamfaresa a ramukan zinare na wajen Abu Hamad a Sudan, kafin ciwon gwiwa ya dawo da ni gida Mai Wurno. Aikina tura wa masu fasa dutse iska. Abin da suka fasa a jawo shi da igiya, mai zinare ya tafi injin niƙa, sauran a jibge shi a bakin rami har ya zama tudu. Can ƙasa kuwa kogo ne, ba abin da ya tokare shi sai 'yan ginshiƙan dutse, su ma da zinare ya yi kuɗi sai wani ya koma ya sassaƙe su. A Disambar 2021 wani rami ya rufta kusa da Nuhud, a Kordofan ta Yamma, mutum 38 suka rasu. An ma riga an rufe ramin, dahaba, wato masu neman zinare, suka koma.

Ɗan ƙanwata, wanda ya karanci aikin ma'adinai, shi ya ce min, "Kawu, iskar nan taka ai tana iya mayar da dutsen inda ya fito." Na yi dariya. Ashe a ramukan kwal na yankin Ruhr a Jamus an daɗe ana yi. Ana farfasa dutsen ya koma tsakuwa, a yayyafa masa ruwa don ƙura, a zuba a wani inji mai juyawa da ke sakinsa kaɗan-kaɗan cikin bututun ƙarfe ba tare da iska ta kuɓuce ba. Iskar ta kwashe shi a guje, ya fito yana dukan wanda ya riga shi, yana danƙarewa har ya kusa taɓa rufin kogon.

Abin da ya burge ni ƙarancin ruwan. Akwai masu cike rami da yashi da ruwa, to mu da ko na sha saye muke yi daga tanka, ina muka ga wannan?

Sai dai dutse na cinye bututu, musamman a kwana, kuma yaron ya ce iskar da ake buƙata ta fi ƙarfin kwamfaresata nesa ba kusa ba. Na ce, "To ɗana, wa zai sayi man? Mai ramin da ko katakon tokara sai an yi faɗa da shi?" Ya ce shi lissafin iska aka koya masa. Na ce ya sha shayinsa kar ya huce.