Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Goron Hajiya

A makon jiya na tsaya inda na miƙe daga tabarma na bar tuwona, Hajiya uwar mijina tana bi na da kallo. Ba abin da ta yi mini, goro kawai take ci. Amma ƙurus-ƙurus ɗin nan in ya shiga kunnena sai in ji kamar an sheƙa mini tafasasshen ruwa a ƙirji, wani fushi ya taso wanda ni kaina kunyarsa nake ji. Tun ina shekara 12 a gidanmu na Tudun Wada nake haka; a lokacin ƙas-ƙas ɗin cingam ne da kurɓar koko. An ce iyayi ne, an ce iska ce, har ruƙiyya an yi mini. A asibitin Shika aka gwada kunnuwana, lafiyarsu lau.

Ƙanwata da ke karatu a Samaru ce ta kawo mini sunan abin: misofoniya. Wasu masana, miji da mata, Pawel da Margaret Jastreboff, suka raɗa masa sunan a 2001. A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu irin lalurar, suka ga wani sashe da ke da hannu a motsin zuciya yana zabura fiye da kima da zarar an kunna musu ƙarar tauna. Ranar na yi kuka. Ashe ba baƙin hali ba ne.

Ƙanwar tawa ce ta haɗa ni da wata likitar halayyar ɗan Adam a Abuja. Duk Talata bayan la'asar nakan rufe ɗaki mu gana ta bidiyo a waya, wanda ya fi mini sauƙi, don ba sai unguwa ta san inda nake zuwa ba. Hanyar da take bi ana ce mata ACT, wato karɓar abin da ke zuciya tare da riƙe abin da mutum ya ɗauka da daraja. Wani Ba'amurke, Steven Hayes, ya assasa ta a shekarun 1980.

Na ce, "Likita, so nake ki raba ni da wannan abu."

Ta ce, "Maman Ummi, ban yi miki alƙawarin za ki daina ji ba. Faɗa mini, gudun nan me ya ci miki?"

Na fara ƙirge. Walimar auren yayana, a ɗaki na yi ta. Azumi nawa ban yi sahur da 'ya'yana ba. Ummi ma ta koyi ɗaukar kwanonta ta koma zaure, yarinya 'yar shekara 6. A nan muryata ta sarƙe.

Ni a da, haƙuri a wurina shi ne in cije, in danne, har kaina ya yi ciwo. Ita kuwa cewa ta yi in bar fushin ya zo, in kira sunansa, in lura da inda ya sauka a jikina, in ja numfashi, amma kada in bi umarninsa. In zuciya ta raɗa mini "da gangan take yi", in ce a raina: ga tunanin nan ya sake zuwa.

Ranar Juma'a na aika aka sayo mini farin goro a kasuwar Sabon Gari, na durƙusa na miƙa wa Hajiya. Ta ɓare, ta kai baki. Zafin ya zo yadda ya saba, bai rage ko kaɗan ba. Minti 3 na yi a zaune, gumi na bin bayana.

Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, yau ba ki tashi ba?"

Na ce, "Hajiya, akwai maganar da nake so mu yi."

Abin da ta ce da na gama, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.