Abin da guguwar Janairun 2015 ta koya mini a aikin hasashen yanayi

Ƙarshen watan nan zan bar kamfanin hasashen yanayi da na daɗe ina yi wa aiki a arewa maso gabashin Amurka. Ƙannenmu masu karatun yanayi a gida sun sha tambayata abin da na koya a ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe gari. Mafi yawansa a dare ɗaya na koye shi, daren 26 ga Janairun 2015, kuma har yau in na tuna raina yakan sosu.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin hasashe a wannan yanki ya san cewa a guguwar hunturu da ke bin gaɓar tekun Atlantika, hanyar da cibiyarta ta bi ita ce komai. Akwai wani wuri a cikin teku, kudu da tsibirin Nantucket, inda digiri 40 na arewa ya haɗu da digiri 70 na yamma, kuma da shi muke auna kowace guguwa. In cibiyar ta ratsa ta kansa, manyan biranen gaɓa su sha dusa. In ta matso yamma, iskar teku mai ɗumi ta shigo ta mai da dusar ruwan sama. In ta karkata gabas, dusar ta zube a teku. Tazarar mil hamsin kaɗai ta isa ta raba garin da za a rufe da wanda yara za su tafi makaranta.

A wancan makon lissafin kwamfutar Turai ya nuna cibiyar za ta raɓi gaɓa, ya jibge dusa a kan New York. Na Amurka, wato GFS, wanda ba a fi mako biyu da sabunta shi ba, ya tura ta gabas. Tun da na Turai ya hango juyawar guguwar Sandy a 2012 kwanaki kafin sauran, mutane suka ɗauke shi kamar ba ya kuskure. Hukumar yanayi ta ƙasa ta yi hasashen inci 20 zuwa 30 a birnin. Magajin gari Bill de Blasio ya yi gargaɗin cewa tana iya zama cikin mafi girma da birnin ya taɓa gani. Gwamnan jihar New York Andrew Cuomo ya hana motoci fita daga ƙarfe 11 na dare, ya kuma tsayar da jiragen ƙarƙashin ƙasa, abin da ba a taɓa yi ba saboda dusa.

Mu abokan cinikinmu ƙananan hukumomi ne da 'yan kwangila masu share tituna da zuba gishiri a New Jersey, wato daidai gefen yamma na guguwar, inda tudun dusa ke yankewa kwatsam. Ni ke aikin dare. Da magariba lissafe-lissafen gajeren zango suka fara janye dusar zuwa gabas ɗaya bayan ɗaya, hoton rada kuma ya nuna jerin dusa mai ƙarfi yana kafuwa a kan Long Island, tsibirin da ya miƙe gabas daga birnin New York, ba ya matsowa yamma. Na rubuta rahotona da lambobi uku: abin da ya fi yiwuwa, mafi ƙaranci, da mafi yawa. Na ƙara layi biyu cewa in jerin bai tsallako kogin Hudson, wanda ya raba birnin New York da New Jersey, ba kafin tsakar dare, a fara sallamar motocin haya.

Shugaban sashenmu ya kira ni daga gida. Ya ce, “Ba wanda ke biyan mu kuɗi don ya ji wataƙila. Ka bar lamba ɗaya, babbar.” Na ce masa, oga, ka dubi radar tukuna. Ya ce ya dubi abin da hukumar ƙasa ta fitar, kuma ba zai bari ƙaramin kamfani irin namu ya saɓa mata ba. Da kansa ya shiga ya goge layukan nan biyu, ya goge ƙananan lambobin, ya tura rahoton da sunana a ƙasa.

Gari ya waye, Central Park, filin shaƙatawa da ake auna dusar birnin New York a cikinsa, ta samu inci 9.8. Philadelphia, da aka yi wa alkawarin fiye da ƙafa ɗaya, ba ta kai inci biyu ba. Guguwar ta zo da duk ƙarfinta, gabas kawai ta bi: Boston ta samu inci 24.6, Worcester 34.5, gabashin Long Island ya binne. Abokan cinikinmu kuwa sun biya direbobi kuɗin kwana a kan titunan da dusar ba ta taka kara ta karya ba, kuma sun fusata, da gaskiyarsu.

Kuskuren lamba bai dame ni sosai ba, don manyan masana ma sun faɗa cikinsa a daren. Abin da ya ƙona mini rai wasiƙar da shugaban ya aika wa abokan ciniki ce, inda ya ce mai hasashen dare ya wuce gona da iri, kuma za a ƙara sa masa ido. A ranar ne fa Gary Szatkowski, shugaban ofishin hukumar yanayi da ke Mount Holly a New Jersey, ya fito a Twitter ya nemi gafarar jama'a da bakinsa, bai laɓe bayan wani ƙaramin ma'aikaci ba. Shugaban hukumar baki ɗaya, Louis Uccellini, shi ma ya amsa cewa ya kamata su fi haka bayyana wa mutane rashin tabbacin da ke cikin hasashen. Ainihin abin da aka goge daga rahotona ke nan. Na nemi ganawa, aka ce a bar maganar ta wuce. Wasiƙar ta shiga fayil ɗina, ta kuma ja mini jinkirin ƙarin girma.

Shekara guda bayan haka, a ranakun 22 da 23 ga Janairun 2016, wata guguwa ta taso. Washington da Baltimore an san tun kwanaki cewa za su sha. Rigimar a gefen arewa take, kuma nan ma mu ne a bakin iyaka. Wannan karon tsoron bara ya kama shugaban, ya ce in rubuta ƙaramar lamba. Lissafin NAM, wani na Amurka na gajeren zango, yana ta nuna dusa mai yawa har New York, mutane suna yi masa kallon mai zuzutawa. Ni ma ban ɗauke shi a matsayin gaskiya ba, amma ban ga dalilin ɓoye shi ba. Na ce masa lambobi uku zan tura, in kuma yana son ɗaya, ya cire sunana ya sa nasa. Ya yi shiru, ya bar rahoton yadda yake. Central Park ta samu inci 27.5, mafi yawa a tarihin wurin, Albany kuwa, da ke arewa da birnin, kusan ba ta ga komai ba. Waɗanda suka karanta babbar lambar a rahotona sun tanadi motoci tun yamma. Bai ce na gode ba, bai kuma janye wasiƙar bara ba.

Don haka shawarata ga duk mai shigowa wannan aiki: kada ka yarda a mai da hasashenka lamba ɗaya, kuma ka faɗa wa mai karɓar rahoton alamar da zai duba da lokacin da zai canja shawara. Mai kula da tituna ba yaro ba ne. Ya san darajar gishirinsa da kuɗin direbobinsa fiye da kai, kuma in ka ba shi yiwuwar kowane ɓangare zai yi lissafinsa. Masu cewa jama'a ba sa fahimtar rashin tabbas, yawanci kansu suke karewa.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka auri lissafin kwamfuta ɗaya don ya taɓa yin daidai. Ka dubi yadda gungun lissafe-lissafen suka warwatsu, don faɗin warwatsuwar shi ne labarin. Ƙa'idar cewa inci ɗaya na ruwa kan ba da inci goma na dusa mafari ce kawai: in gajimaren da dusar ke haɗuwa a ciki yana tsakanin digiri 12 da 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, takan yi laushi ta kai goma sha biyar ko ashirin, iska mai ƙarfi kuma takan farfasa ta ta rage tudunta. Jerin dusa mai ƙarfi kan zubar da inci biyu ko uku a awa, gefensa kuma a bushe, kamar hadarin damina da zai jiƙa gonarka ya tsallake ta maƙwabcinka, kuma ba kwamfutar da za ta faɗa maka inda zai tsaya tun jiya. In guguwa ta fara, ka saki taswirar jiya ka bi rada.

Ka kuma riƙa ajiye kwafin duk rahoton da ka rubuta, da lokacinsa, kafin ya bi ta hannun wani. A 2015 ban da irin wannan kwafi a wajen na'urar kamfani, shi ya sa maganata da tasa aka auna, tasa ta rinjaya. Yarinyar da za ta gaji kujerata na riga na nuna mata inda za ta riƙa ajiye nata, tunda shugaban yana nan a kujerarsa.