Garin ƙashin da muke cusawa a kumatu

Da na fara koyon dashen haƙori, na ɗauka duk wahalar tana wurin ɗaura ƙusar taitaniyom, wadda ake kafawa cikin ƙashi ta riƙe sabon haƙori. Ashe a muƙamuƙin sama, can wajen turame, sau da yawa babu ma inda za a kafa ta. Haƙori in ya daɗe da fita, ƙashin wurin yana zaizayewa, kogon iskar da ke cikin kumatu, wanda muke kira sainos, shi kuma yana ta saukowa. Sai ka duba hoto ka ga ƙashin da ya rage bai wuce milimita 3 ko 4 ba, ƙusa kuwa tana son kamar 10. Dole a buɗe 'yar taga ta gefe, a ɗaga tantanin kogon, a cike gurbin. Wani likitan haƙori, Hilt Tatum, ne ya fara wannan aiki a Amurka a shekarun 1970, wasu likitocin, Boyne da James, suka wallafa shi a 1980.

To da me za a cike? Nan na daɗe ina taurin kai. Littafi ya ce ƙashin mutum na jikinsa ya fi kowanne, tunda yana zuwa da ƙwayoyi masu rai. Haka ne. Amma sai da na ga wanda aka ɗebo wa daga ƙugu yana ɗingishi, da wadda aka yanko wa a haɓa tana cewa leɓenta ya mutu, sannan jikina ya yi sanyi. Ciwo biyu saboda haƙori ɗaya! Ga shi jiki kan cinye ƙashin da aka ɗebo, tsayin da aka samu ya ragu. Garin ƙashin saniya, irin Bio-Oss, an raba shi da duk wani furotin, sai ma'adini zalla. Ba ya narkewa da wuri, yana riƙe gurbi shekaru, sai dai a jira shi wata 6 zuwa 9. Akwai na mamatan da suka ba da kyauta, akwai kuma na haɗin masana'anta mai saurin narkewa.

Malamina ya kan yi murmushi in muna wannan musu. Shi ya nuna min aikin wani likita, Lundgren na Suwidin, na 2004: an ɗaga tantani, an kafa ƙusa ta tokare shi, ba a zuba komai ba, gudan jini kawai ya rikiɗe ya zama ƙashi. Ashe garin tokari ne, jiki ke yin ginin. Tantanin nan kuwa siriri ne kamar na cikin ɓawon ƙwai. Ranar da na yaga shi saboda gaggawa, tsadar garin da ke hannuna ba ta amfane ni da komai ba.

Abin da babu a littafin, wani dattijo da zan yi wa aikin ne ya koya min. Ina cikin bayani ya katse ni: "Likita, wannan garin na wace dabba ne?"

"Na saniya ne, Baba."

"Da fatar da ka ce za ka rufe tagar fa?"

Na juya kwalin fatar, wato Bio-Gide, na karanta. Daga alade ake yin ta. Na sha amfani da ita, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na gaya masa gaskiya, ya yi shiru, sannan ya ce in nemo wata. Muka ɗage aikin mako uku har aka kawo wadda aka yi da jijiyar saniya.