Ɗan Ƙanwata, Wayarsa da Babur ɗin Aro

Ɗan ƙanwata yana da shekara 16, yana ajin ƙarshe na kwaleji inda ake zana jarrabawar BEPC, lokacin da al'amarinsa ya faɗo a wuyana. Mahaifinsa yana Abijan wajen neman abinci, ba ya zuwa gida sai da babbar salla. Ga mahaifiyarsa kuwa ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da hakan yake nufi: ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi doguwar hira, idan halinsa ya dame ta sai ta aika ƙanensa da saƙo ko ta yi ta faɗa da iska a tsakar gida. Alkunya abu ne mai kyau, amma ta kafu ne a zamanin da gida yake cike da kakanni da baffanni da gwaggwanni masu ɗaukar abin da uwa ta kawar da kai daga gare shi, a gidan haya mai ɗaki biyu a unguwar Zariya ta Maraɗi kuwa babu ko ɗayansu. Shi ya sa da ta kira ni ta ce, "Yaya, ɗan naka fa ya fi ƙarfina," na san babu wanda zan miƙa wa.

Abin da ya tayar mata da hankali wani bidiyo ne da maƙwabciyarta ta nuna mata a TikTok. Ga shi bisa babur a cikin jerin masu rakiyar amarya, ba hular kwano, silifa ɗaya ta riga ta faɗi, ya ɗaga ƙafar gaba ta babur ɗin yana tafiya da ta baya kaɗai, wani yaro a bayansa ya ƙanƙame shi yana ihu, wata mota mai ɗauke da mata tana kaucewa gefen titi. A ƙarƙashi kuma ga yabo jere, wannan ya ce namijin duniya, wancan ya ce a ƙara wuta.

Shawarwarin dangi sun zo da sauri. Wasu suka ce a ƙwace wayar a fasa ta a gabansa, wasu suka ce a yi masa dukan da ba zai manta ba, wata gwaggonmu ta ce a mayar da shi ƙauye ya yi noma har hankali ya zo masa. Ban ƙwace wayar ba, kuma har yau ina ganin daidai na yi. Shafinsa ba a cikin wayar yake zaune ba, da lambar sirri zai buɗe shi a wayar kowane aboki a fada, wato majalisar hirar samari, tsohuwar waya kuma ba ta da tsada a kasuwa. Ƙwace ta a wannan lokaci kamar rufe bakin miki ne da mugunya a ciki, sannan in rasa tagar da nake leƙa rayuwarsa ta ciki. Ban da haka, a zauren WhatsApp na ajinsu ake tura musu aikin gida da tsofaffin tambayoyin jarrabawa.

Abin da na fara yi shi ne kallo. Na buɗe shafi, na bi bidiyoyinsa tun daga na farko, ban rubuta komai ba. Na lura yawancinsu da tsakar dare ake sa su, na lura babur ɗaya ne a cikinsu duka, mai tsagaggen mazauni da aka ɗaure da roba. Daga nan tambayar da ta fi kowace amfani ta zo mini, wato ina kuɗin suke fitowa? Kallo da tura bidiyo suna cin kuɗin intanet, babur yana shan mai, mai babur kuma ba ya ba da aro don Allah. Abin da uwarsa take ba shi na karin kumallo bai isa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bin sawun kuɗin ne ya kai ni ga gaskiya: bayan sallar isha, lokacin da ake zaton yana wajen bitar karatu, yana karɓar babur ɗin wani ɗan kabu-kabu ya yi ta jigila har dare ya raba, ya ba shi kasonsa ya riƙe saura. A cikin waɗannan 'yan kabu-kabu na dare ne kuma aka koya masa shan tramol don kada ya ji barci ko tsoro. Da na ce uwarsa ta riƙa duba aljihu kafin wanki, sai ga fankon katin ƙwaya da 225 rubuce a bayansa. Wanda asibiti ke bayarwa galibi miligiram 50 ne ko 100, kuma ko babban mutum mai ciwo ba a yarda ya wuce 400 a yini ba, ke nan ƙwaya biyu na wannan sun riga sun tsallake iyaka. Nan na fahimci gyangyaɗin da malaminsa ya yi ƙorafi a kai, da yawan susa, da gumi, da rashin cin tuwo, da saurin fushi. Bidiyon da ya firgita mu ashe shi ne ƙaramin abu a cikin lamarin, shi ne dai kawai ya fito fili.

Ban yi masa magana a gidansu ba, domin saurayin da aka tsitsiye a gaban ƙannensa ba ya jin abin da ake faɗa, mutuncinsa kawai yake karewa. Na ce ya raka ni Tibiri kai kaya, muka tsaya a hanyar dawowa muka sayi shayi. Na ciro wayata na kunna bidiyon na miƙa masa. Fuskarsa ta canza, ya ajiye kofin yana jiran faɗa. Na ce, "Yaya ake yi gaban ya tashi ba tare da ka kifa baya ba?" Ya dube ni don ya ga ko gatse ne, sannan a hankali ya fara bayanin birkin baya da yadda ake sakin kulos, har yana kwatantawa da hannu. Na bar shi ya gama, kuma gaskiya ya san babur fiye da yadda na zata. Sai na tambaye shi wa zai biya idan babur ɗin ya lalace, wa zai je gaban iyayen yaron da ya goya idan ya karye, cikin masu cewa a ƙara wuta kuma wa zai kwana da shi a asibiti. Bai amsa ba. Na ajiye fankon katin a kan benci tsakaninmu na ce, "Wannan fa, nawa kake sha?" Ya ce, "Kawu, wallahi ba shaye-shaye ba ne, maganin gajiya ne, kowa yana sha." Na ce ban tambaye shi kowa ba. Ya daɗe yana juya kofin kafin ya faɗi adadin, ya kuma ƙara da cewa ranar da bai sha ba jikinsa ciwo yake yi kamar an yi masa duka.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na kai shi wajen likita maimakon in sa shi rantsuwa da Alƙur'ani cewa ya bari daga ranar, kamar yadda wasu suka so. Tramol dangin maganin kashe ciwo ne masu kama jiki, wanda ya saba da shi idan ya yanke lokaci ɗaya sai ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci su taso masa, yawancin masu komawa a nan suke komawa. Yawan shansa kuma yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, wanda idan ta same shi bisa babur magana ta ƙare. Likitan ya tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan, maganin yana hannuna. Rantsuwar da yaro ba zai iya cikawa ba zunubi kawai take ƙara masa, ta kuma koya masa ɓoyo.

Game da wayar, mun yi yarjejeniya a gaban uwarsa. Daga ƙarfe goma na dare a ɗakinta take kwana. TikTok yana da tsarin haɗa shafin iyaye da na yaro tun 2020, wanda ake iya ƙayyade lokacin kallo da masu aiko da saƙo, tun 2023 kuma duk wanda bai kai 18 ba ana sa masa iyakar minti 60 a yini. Sai dai duk wannan ya dogara ne da shekarun haihuwar da mutum ya rubuta da kansa, nasa kuwa ya ce shi ɗan 25 ne. Muka buɗe sabon shafi da shekarunsa na gaskiya muka haɗa da nawa. Kada kowa ya ɗora zuciyarsa a kan waɗannan tsare-tsare, domin ba a daɗe ba na gano ya buɗe wani a wayar abokinsa. Na gaya masa na gani, ban ɗaga murya ba. Na kuma yi masa bayanin dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yuni na 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri na shekara 1 zuwa 3 ga zagi ko ɓata suna ta waɗannan kafofi, saboda na ga bidiyon da shi da abokansa suke yi wa samarin wata unguwa ashar suna kama suna. Wannan ya shige shi fiye da wa'azina, don bai taɓa tunanin raha a fada tana iya kai mutum gaban alƙali ba.

Abin da ya fi tasiri bai shafi waya ba sam. Na nemi mai babur ɗin na gaya masa, ba da zafi ba, cewa yaron ƙarami ne, kuma duk abin da ya faru shi za a fara nema. Na je fadarsu da la'asar na zauna da babbansu, wani magidanci matashi da suke jin maganarsa, na roƙe shi a matsayinsa na babba ga yaron. Ban ce a kore shi daga fada ba, saurayin da ba shi da wurin zama sai ya nemi wanda ya fi muni. Sannan na haɗa shi da wani bakanike a Sabon Gari ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu, inda yake samun ɗan abin sawa a aljihu ta hanyar da na san ta. Ya yi ta ƙunƙuni cewa bidiyon gyaran kabureta ba mai kallo, kuma gaskiyarsa ce, masu kallon sun ragu ƙwarai, na kuma ga yadda hakan ya yi masa ciwo na tsawon lokaci.

Mahaifinsa na gaya masa komai ta waya, bayan na sanar da yaron cewa zan faɗa, muka tsayar cewa duk kuɗin da zai aiko ta hannun uwar za su riƙa bi, ba kai tsaye zuwa wayar ɗan ba kamar da. Bai ci BEPC a shekarar ba, ya maimaita ajin. Tsofaffin bidiyoyin mun goge su daga shafinsa, amma wasu sun riga sun sauke su, suna nan suna yawo a WhatsApp, ya kuma san haka. Yanzu ƙanwarsa mai shekara 12 ce ta fara naci a saya mata waya. Mun gaya mata su kansu masu TikTok da WhatsApp ba su yarda da wanda bai kai 13 ba, idan lokacin ya yi kuma ni zan rubuta shekarun haihuwar da hannuna, a ɗakin uwarta wayar za ta riƙa kwana tun daga daren farko.