Sunan da ba ya fita a bakina

Ranar wata Alhamis ce a watan Maris na 2024, saura kwana kaɗan a kama azumi, ana yayyafin nan na Leeds, a Ingila, da ba ya jiƙa mutum sai dai sanyinsa ya ratsa ƙashi. Ƙarfe uku da kwata na je ɗauko babban yarona daga makaranta, ƙaramin yana barci a cikin keken turawa. Malamar ajinsu tana bakin ƙofa tana miƙa wa kowace uwa ɗanta, da ta hango ni sai ta riƙe hannun nawa, ta ce ko zan ba ta minti biyar. Nan take gabana ya faɗi.

A wani ɗan ofis na tarar da mace ta biyu, da littafi a kan cinya da biro a hannu. A makon ne yara suke haɗa katin ranar uwa, wadda su a nan a watan Maris suke yin ta. An ce kowane yaro ya faɗi abin da mamarsa take yi masa mai daɗi. Nawa ya ce ina dafa masa shinkafa da wake da mai da yaji. Sai kuma ya ƙara, ba tare da an tambaye shi ba, ya ce mamarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya ce ƙaninsa take ɗauka, ƙaninsa take yi wa wasa, shi kuwa “kai” take ce masa, ko “yaron nan”.

Da murmushi suka yi mini tambayoyin, ba zan yi musu ƙarya ba. Ko akwai damuwa a gida? Ko na sha wahala lokacin haihuwarsa? Ko ina jin kusanci da shi kamar yadda nake ji da ƙaramin? Ita kuma ta biyun tana ta rubutu. Ni da na yi digiri da Turanci, ranar Turanci ya gudu ya bar ni. Ta ina zan fara? Ɗan fari ne. Bayan haka sunan mahaifin maigidana aka sa masa, wanda ya rasu ina da cikin wata bakwai. Ƙofa biyu ke nan a kulle a kan suna ɗaya. Ko Abban da dangi suke kiran sa da shi, da ƙyar yake fita a bakina. Na nemi kalmar da zan fassara musu kunya na rasa, domin wadda suke da ita ko dai ta nufi yaro mai tsoron mutane, ko ta nufi wanda ya yi abin assha. Na ce musu al'adarmu ce, girmamawa ce. Malamar ta gyaɗa kai, sannan ta ce, “Amma shi ya san da haka?”

Wannan tambayar ce ta biyo ni har gida, kuma har yau ba ta sake ni ba.

A hanya ban ce masa komai ba. Yana riƙe da gefen keken yana ba ni labarin wani abokinsa da haƙorinsa ya fita, ni kuwa zuciyata tana tafasa. Ni za a zaunar a rubuta ni a littafi? Ni da nake tashi tun kafin asuba in goge masa kayan makaranta, in haɗa masa abincin rana mai zafi saboda ba na son ya wuni a kan busasshen burodi? Duk Asabar sai na shiga bas har Harehills neman naman halal da attaruhu, wani lokaci in zarce kasuwar Kirkgate da goyo a baya, Turawa suna kallon zanin goyon. Yaron da bai cika shekara shida ba ya kai Wadduha a hadda, malaminsa yana Kano suna karatu ta WhatsApp sau uku a mako, ni ce mai zaunar da shi. Idan muka je gidan 'yan uwa Hausawa, shi ne yake tsugunawa ya gaida manya, har ana cewa kamar ba a nan yake tashi ba. Wannan duk ba a gani ba, sai suna?

Da Abbansu ya tashi daga barci, don a makon aikin dare yake yi a asibiti, na zayyana masa komai ina kuka. Ya daɗe bai yi magana ba. Daga baya ya ce, “Ki bi su a hankali, ƙasarsu ce. Idan sun sake kira tare za mu je.” Na san abin da yake tsoro. Babu wanda ya zauna a nan da yara da bai ji labarin iyalan da ma'aikatan kula da yara suka shiga gidansu ba. Mu dai ba a sake kiran mu ba, maganar ta mutu a ranar. A wajensu ke nan.

Mun zo ƙasar nan a watan Oktoba na 2021, babban yana da shekara uku, ina da cikin ƙaramin. Ban taɓa sanin rana tana iya faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma ba sai a Disambar farko da na yi a nan. A cikin wannan duhun na haihu, a watan Janairu, kwana ɗaya aka sallame ni. Babu wankan jego, babu kunun kanwa, babu mai cewa kawo jaririn ki runtsa. Ranar suna mutum tara ne a falonmu, ragon ma a Kano aka yanka. To daga ranar ƙaramin ya manne a jikina, don babu wani jikin da zai manne. Shi ba na jin nauyin komai a kansa, ina kiran sunansa, ina yi masa tawai, ina cilla shi sama. Babban yana zaune a gefe da abin wasansa yana kallonmu. Shekara biyu yana kallo, ban lura ba.

Duk inda ake bukatar sunansa na san yadda nake yi. A asibiti in miƙa takarda. A waya in jero haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai gudun a yi kuskuren rubutu. Na ɗauka na iya zama da mutanen nan ba tare da na zubar da tarbiyyar gidanmu ba, har ina alfahari da hakan a raina.

Ni ma 'yar fari ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Umma ta kira sunana ba. Ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Inna, kakata ta wajen uba, a cikin gida ɗaya, a can na girma har na shiga sakandare. Inna ce mai yi mini kitso, ita ce mai ɓoye mini ƙanzo da ɗumamen tuwo, ita ce mai tare mini faɗa. Idan na yi rashin lafiya Umma ba ta shigowa ta zauna, sai dai ta aiko da kunu, ta tsaya daga bakin ƙofa tana tambayar Inna, “Ya mai jikin?” Kuma ko sau ɗaya ban taɓa zaton ba ta so na ba. Ta yaya zan yi zato, alhali ga Inna, ga Goggo, ga Kawu da yake ɗora ni a kan babur ya zaga da ni unguwa, ga matan gida suna tsokanar Umma, “Kin ga 'yarki can,” ita kuma tana kawar da kai tana murmushi? Duk gidan ya san abin da kawar da kan nan yake nufi, ni ma a bakinsu na sani.

Lokacin da muke Kano shi ma babban haka ya samu. Hajiyar maigidana ba ta sauke shi daga cinya. Sunan mijinta ne da shi, “Alhajina” take ce masa, ta ajiye masa tsoka a gefen kwano. Ƙannena mata suna rububin goya shi. Ni nawa in ba shi nono in koma gefe, kowa yana yaba kawaicina. Muka ɗauko yaron nan daga tsakiyar hannaye ashirin muka kawo shi gida mai ɗaki biyu a hawa na biyu, inda ko maƙwabcinmu ban san sunansa ba. Na taho da kunyata cif, ban rage komai ba. Masu karɓar sa idan na kawar da kai ne ban taho da su ba.

Sau biyu muna nema wa Hajiya bizar ziyara ta wata shida, sau biyu ana hana ta. Ta ce a bar shi haka, kada a ƙara zubar da kuɗi. A gida kuwa, tun lokacin da fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, kowa gani yake shara muke yi, ba su san haya da kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki suna cinye albashi tun kafin wata ya raba ba. Tikitin mutum huɗu zuwa Kano ba abin da za a tashi a saya ba ne rana ɗaya.

Da azumi ya kai goma na kasa daurewa, na kira Umma bayan sun sha ruwa. Ban taɓa yin irin wannan maganar da ita ba, sai da na yi ta kewaye-kewaye, ya azumi, ya ƙafar, ya su Baba. Da na gama ba ta labarin ta yi shiru har na duba wayar ko ta katse. Sai ta ce, “To a can wa yake ɗaukar sa?” Na ce, “Babu kowa, Umma.” Ta ce, “To ki ɗauke shi mana.” Daga nan ta koma zancen tsadar gero.

A daren na same shi ya yi barci a kan kujera da rigar makaranta. Maimakon in tashe shi in ce ya wuce ɗaki kamar kullum, sai na ɗauke shi. Ya yi nauyi, ƙafafunsa har gwiwata. Ban san yaushe ya yi wannan tsawon ba. Ya buɗe ido ya kalle ni, ya mayar da kansa kafaɗata.

Sunan dai har yanzu ban faɗa ba, kuma ba na jin zan iya. Amma na zaunar da shi na gaya masa sunan wa yake ɗauke da shi, na nuna masa hoton Alhaji da babbar riga a ƙofar shagonsa na Kantin Kwari. Yanzu Abba nake ce masa, a gaban kowa, ko da muryata tana ɗan sarƙewa. Shi kuma ya sami abin tambaya: kakan nasa yana da mota? Ya iya Turanci? Me ya sa bai jira shi ba?

Ranar da za mu taho, Umma ba ta raka mu filin jirgi ba. Ta aiko ƙanwata da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ce a gaya wa “mutanen can” Allah ya kiyaye hanya. Sai bara ƙanwar tawa take gaya mini cewa kwana biyu Umma ta yi ba ta sa komai a bakinta ba bayan tafiyarmu, kuma har yau ba ta yarda a taɓa gadon da na kwana a kai daren ƙarshe ba. Bikin ita ƙanwar tawa bayan babbar Sallah ne. An riga an fitar da anko, ta turo mini hoton atamfar, na tura kuɗin nawa duk da na san ba za ni ba. Ƙafar Umma kuma ta matsa mata, yanzu a zaune take sallah, kuma ba daga bakinta na ji ba.